Asalin Gunduma Da Haɗa Ƙauyuka

In an tambayi yaro, "Ina ne garinku?" ba ya rasa amsa. In an ƙara tambayarsa, "Wane ne dagacinku?" watakila ya sani. Amma in aka ce da shi, "Me ya sa garinku yake bin wannan hakimi, bai bi wancan ba?" sai ya yi shiru. Ba yara kaɗai ba, manya da yawa ma ba su sani ba, suna tsammani haka abin yake tun fil azal. To, ba haka ba ne. Gunduma irin wadda muka sani yau ba ta daɗe ƙwarai ba, shekarunta ɗari ne da 'yan kai. A cikin wannan darasi za mu duba yadda aka yi ta a ƙasar Kano, gama labarin Kano ya yi kama da na Katsina da Zazzau da sauran ƙasashen sarakunan Arewa.

Da fari ku tuna da yadda sarauta take hawa hawa, kamar tsani. Kowane gida yana da mai gida. Gidaje da yawa su ne unguwa, shugabanta mai unguwa. Unguwoyi da ƙananan ƙauyuka in an tara su suna ƙarƙashin dagaci. Ƙasar dagatai da yawa ita ce gunduma, mai riƙe da ita kuwa shi ne hakimi. Hakimai duka suna bin Sarki.

Kalmar nan gunduma ma abin lura ce. In mahauci ya sa wuƙa ya yanko maka babban yankin nama, sai a ce ya gundumo maka. Haka aka yi wa ƙasa, aka yanka ta manya manya, aka ba kowane hakimi yankinsa.

Zamanin jakadu

Kafin zuwan Turawa akwai hakimai, amma yawancinsu ba a ƙauye suke zaune ba. Suna cikin birnin Kano, kusa da Sarki, kullum safiya su hau dawakinsu su tafi fada gaisuwa. Madaki da Makama da Galadima da Sarkin Bai da Ciroma da sauransu kowannensu yana da garuruwan da ke binsa, sai dai garuruwan nan ba a wuri ɗaya suke ba. A warwatse suke, kamar an watsa wa kaji tsaba. Sai ka ga hakimi yana da gari ɗaya gabas, biyu kudu, wani kuma can arewa, tafiyar kwana biyu ko uku tsakaninsu. Ka ga garuruwa biyu suna shan ruwan rafi ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, amma wannan na Madaki ne, wancan na Galadima.

Kada ku ce mutanen da ba su san abin da suke yi ba. Waɗansu garuruwan gado ne, waɗansu kyauta ce Sarki ya yi wa wanda ya yi jaruntaka wurin yaƙi. Ban da wannan kuma akwai dabara a ciki. Hakimin da ƙasarsa ke haɗe wuri ɗaya, yana kuma zaune a cikinta, yana iya tara dakaru ya yi wa Sarki tawaye. Wanda garuruwansa ke warwatse, shi kansa kuma yana gaban idon Sarki dare da rana, ba shi da wannan hali.

Akwai waɗansu manyan garuruwa da suka bambanta, kamar Rano da Gaya da Dutse da Ƙaraye. Su sarakunansu na gado ne, suna zaune cikin garuruwansu, suna bin Sarkin Kano.

To, in hakimi yana birni, ƙaƙa zai san abin da ke gudana a garinsa? Ta bakin jakada. Yau in kun ji an ce jakada sai ku tuna da babban mutum wanda ƙasa ke aikawa wata ƙasa ya wakilce ta. A wancan zamani jakada bara ne ko bawa na hakimi, wanda ke kai da kawowa tsakanin ubangidansa da gari. Shi ke kai saƙo, shi ke karɓo kuɗin ƙasa, shi ke shigar da sarkin gari gaban hakimi in ya zo birni da wata magana.

Kuɗin da ake biya iri iri ne. Akwai zakka ta hatsi, akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin shuka na irin su rogo da gyaɗa, akwai kuɗin rafi na masu lambu, akwai kuɗin karofi na marina, akwai kuma jangali na masu shanu. A lokacin ba sule ba kwabo, da wuri ake biya. Wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya zo Kano a shekara ta 1851. Ya rubuta cewa kowane mai gida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini kuma ana biya mata wuri 700.

Ku yi tunanin hannun da kuɗin nan ke bi kafin ya kai fada. Manomi ya ba mai unguwa, mai unguwa ya ba sarkin gari, sarkin gari ya ba jakada, jakada ya ba hakimi, hakimi ya kai wa Sarki. Ba mai albashi a cikinsu, kowa daga cikin abin da ya bi ta hannunsa yake ci. Hanyar nan kamar jan ruwa ce da guga mai yoyo. Jakada kuma in ya sauka gari sai an ba shi masauki, an ciyar da shi da yaransa da dokinsa, in zai tashi a yi masa guzuri. Akwai jakadu masu tsoron Allah, waɗanda suka zama kamar iyaye ga garuruwansu, suna tsaya musu a fada. Amma akwai waɗanda in talaka ya hangi ƙurar dokinsu sai ya kora akuyarsa bayan ɗaki.

Mai Gunduma

Ran 3 ga watan Fabrairu na shekara ta 1903 sojan Ingilishi suka ci birnin Kano. Sarki Alu ba ya gari a lokacin, ya tafi Sakkwato. Gwamna Lugga ya naɗa ɗan'uwansa Abbas ya zama Sarki, aka kuma ajiye Razdan, watau babban Baturen lardi.

Turawan nan kaɗan ne ƙwarai, ƙasa kuwa ga faɗi ga jama'a. Abin da suka fi bukata shi ne haraji, don su biya soja da ma'aikata. Da suka duba tsarin jakadu sai kansu ya ɗaure. In kuɗin wani gari bai cika ba, wa za a kama? Hakimi ya ce bai taɓa ganin garin da idonsa ba, a tambayi jakada. Jakada ya ce abin da sarkin gari ya ba shi ke nan. Sarkin gari ya rantse ya biya duka. Baturen da ya fita rangadi kuma, in ya bi hanya ɗaya yini guda, sai ya ratsa garuruwan hakimai huɗu ko biyar, ba ko ɗayansu a wurin.

Razdan na Kano a lokacin shi ne Dokta Cargill. Shi ya tsaya kan a sake rabon ƙasa. Abin da aka shirya abu uku ne. Na ɗaya, a tara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna su zama yanki ɗaya mai iyaka, a ba hakimi ɗaya. Na biyu, hakimi ya bar birni ya koma cikin yankinsa ya zauna. Na uku, a kawar da jakadu, hakimi ya yi magana da dagatansa baki da baki. Aikin ya ɗauki shekaru, ya fi ƙarfi cikin 1907 da 1908. Saboda wannan aiki Kanawa suka laƙaba wa Baturen suna Mai Gunduma. A shekara ta 1906 kuma aka yi dokar da ta nufi tattara kuɗaɗen nan iri iri su zama haraji ɗaya.

Faɗin abin da baki ya fi yinsa sauƙi. Don a haɗa garuruwa wuri ɗaya, dole a karɓe wa wannan hakimi garinsa na gabas a ba wancan, shi kuma a musanya masa da wani wanda bai san kowa a cikinsa ba. An yi ƙoƙari a ajiye kowane babban hakimi inda danginsa suka fi yawa. Ta haka Madaki ya zauna Dawakin Tofa, Makama ya zauna Wudil, Sarkin Bai ya zauna Ɗambatta. Duk da haka garuruwa da yawa sun wayi gari suna bin gidan da kakanninsu ba su taɓa kai wa gaisuwa ba.

Hakimai ba su yi murna ba. Mutumin da aka haifa a birni, ya saba da fada da Masallacin Jumma'a da kasuwar Kurmi, a ce ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye, a ganinsa wannan kora ce. Yana kuma tsoro kada in ya yi nisa magabtansa su ɓata shi wurin Sarki. Sarki Abbas shi ma bai so ba, gama fadarsa za ta rage cika, bayinsa da barorinsa waɗanda ke jakadanci kuma za su rasa abinci. An yi ta ja-in-ja tsakaninsa da Razdan. Jakadu kuwa ba su ɓace rana ɗaya ba. Da yawa sun bi iyayen gijinsu zuwa gunduma, suka ci gaba da aikinsu na da, suna kawai aka sake musu.

Talaka fa? Nasa rabon ya haɗa zuma da maɗaci. Da, in an zalunce shi sai ya yi tafiyar kwanaki zuwa birni, ya nemi jakadan da zai shigar da shi, watakila ma jakadan ne ya zalunce shi. Yanzu ga hakimi kusa, ga alƙali an ajiye a gunduma. Amma kusancin nan yana da nauyi. Hakimi ya zo da mata da 'ya'ya da barori da dawaki, ana bukatar gida babba da gandu da ciyawa, mutanen gunduma kuwa su za su yi aikin. Haraji kuma ya daina kuskure kowa, domin yanzu akwai malamai masu rubuta sunan kowane mai gida, a waɗansu gundumomi ma har da malaman taki, masu auna gona da ƙafa su rubuta girmanta. Aka daina karɓar wuri, aka ce sai kuɗin Bature. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekara ta 1911, manoma da yawa suka dage da noman gyaɗa, domin ita ce ke kawo sulallan biyan haraji.

Wani gyara da ya biyo baya shi ne Baitulmali, wanda aka kafa a manyan ƙasashen Arewa tsakanin 1909 da 1911. Maimakon kowa ya ɗebi rabonsa a hanya, sai a kai haraji duka ma'aji. Gwamnati ta ɗauki kashinta, saura ya zauna a Baitulmalin En'e. Daga ciki aka riƙa yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, ana gina makarantu da ɗakunan shan magani, ana haƙa rijiyoyi. A ganina wannan ya fi yankan gunduma kansa amfani ga talaka, gama mai albashi in ya taɓa kuɗin haraji ba shi da hujja. Hakimai da dagatai da yawa sun rasa rawaninsu ta wannan hanya.

Ba a Nijeriya kaɗai aka yi haka ba. A ƙasar Nijar, Faransawa su ma sun yanka ƙasa yanki yanki, suna kiran kowane yanki kanto.

Haɗa ƙauyuka

Da aka gama da gundumomi sai aka juyo kan ƙauyuka. A zamanin yaƙe-yaƙe mutane sun fi zama cikin garuruwa masu ganuwa, don tsoron harin Ningawa daga kudu da na Maraɗi da Damagaram daga arewa. Da hari ya ƙare sai mutane suka yi ta fita, kowa ya kafa gida kusa da gonarsa. Gida uku ko huɗu su zama ƙauye, wanda ya fara sarar dajin kuwa ya ce shi ne mai gari. Ƙananan masu gari suka yi yawa, har hakimi ba ya iya sanin su duka. Wanda ke da gida goma kaɗai a ƙarƙashinsa, abin da zai samu daga haraji ba ya ciyar da shi, sai ya shiga neman na gefe.

Saboda haka aka riƙa tara ƙananan ƙauyuka ana sa su ƙarƙashin dagaci ɗaya. Ba wanda aka tasa daga gidansa, a takarda aka haɗa su. Masu garin da aka haɗe suka koma masu unguwa.

A nan ne aka fi samun ɓacin rai. A ce ga wani tsohon gari mai kufan ganuwa da tsofaffin kukoki, mutanensa sun ragu. Ga kuma wani sabon ƙauye wanda 'ya'yan tsohon garin ne suka kafa shi, amma hanyar mota ta bi ta kansa, kasuwa ta ci, jama'a ta taru. Mai lissafi zai duba yawan masu biyan haraji ya ce sabon ƙauye shi ne babba, a ba shi dagaci. Dattawan tsohon gari kuwa su ce, "Yaushe ɗa ya haifi ubansa?" Kowannensu yana da gaskiyarsa. Irin wannan gardama tana daɗewa ƙwarai, uba ya mutu ya bar wa ɗansa ita. Har yau in kun ji waɗansu ƙauyuka biyu suna jayayya kan inda za a gina makaranta ko asibiti, in aka bi sawu sau da yawa sai a tarar tushen maganar tun daga wancan haɗi ne.

Akwai kuma haɗi iri na biyu, wanda ake tashin mutane ɗungum a tara su wuri ɗaya. Wanda ya fi shahara a Arewa shi ne na Anchau, a ƙasar Zazzau, kusa da iyakar Kano. Mutanen wurin suna zaune a ƙananan ƙauyuka bakin rafuffuka masu duhuwar itatuwa, inda ƙudan tsando ke haihuwa. Ƙudan nan shi ke kawo ciwon barci. In ya ciji mai ciwon, sa'an nan ya ciji mai lafiya, sai ya sa masa. Maganin ƙudan shi ne a sare duhuwar bakin rafi, don ba ya jimre zafin rana. Amma sarar ba ta shekara ɗaya ba ce, kowace shekara sai an maimaita, ƙauye mai gida biyar kuwa ba shi da hannuwan da za su yi wannan aiki.

A shekara ta 1937 aka fara aikin, ƙarƙashin wani masanin ƙwari, Dokta Nash. Aka share bakin rafuffuka, aka taso mutane dubbai daga ƙananan ƙauyukansu aka zaunar da su a sababbin garuruwa masu faffaɗan hanyoyi da rijiyoyin siminti. Kusa da tsohon garin Anchau aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon barci ya ragu ƙwarai. Amma ku sani barin gida ba wasa ba ne. Mutum ya bar gonar da ya yi shekaru yana zuba wa taki, ya bar ɗorawar da kakansa ya bar masa, ya bar kabarin iyayensa. Ba kowa ya tashi da son ransa ba. Anchau ita ce yanzu mazaunin Ƙaramar Hukumar Kubau, a Jihar Kaduna.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Shekaru da yawa hakimi shi ne wuƙa shi ne nama a gundumarsa, talaka ba shi da bakin magana. A shekara ta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa, a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, a riƙa jin ra'ayin talakawa. Bayan wannan aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye, inda wakilan jama'a ke zama tare da hakimi da dagatai su shawarta aikin rijiya da kasuwa da hanya.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. A 1967 aka raba Nijeriya jiha 12, Kano ta zama jiha. Ba da daɗewa ba gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, kuɗi da ayyuka suka koma hannun shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli. Da Alhaji Abubakar Rimi ya zama Gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, watau abin da aka yanka gunduma dominsa tun farko. A 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birninta.

Ga abin mamaki. Da, hukuma ce ke haɗa ƙauyuka, mutane suna ƙi. Daga baya mutane ne suka riƙa kai kuka a raba su, kowane yanki yana son tasa ƙaramar hukuma da nasa hakimi, don su sami sakatariya da asibiti da aikin yi ga 'ya'yansu. Aka yi ta rabawa, har a 1996 ƙananan hukumomin Nijeriya suka kai 774. Jihar Kano tana da 44, Jigawa tana da 27. In kuka duba sunayensu za ku ga da yawa sunayen tsofaffin gundumomi ne, kamar Wudil da Ɗambatta da Dawakin Tofa da Gaya da Rano da Ƙaraye.

Hakimi da dagaci da mai unguwa suna nan har yau, ko da yake ba sa karɓar haraji, ba sa ɗaure kowa. Su ke sasanta rigimar iyakar gona da ta manoma da makiyaya, su ke shaida cinikin fili, su ke sanin baƙon da ya sauka gari. Da aka yi yaƙi da ciwon shan inna, su suka bi gida gida tare da ma'aikatan lafiya suna lallashin iyaye su bari a ɗiga wa 'ya'yansu magani, har a shekara ta 2020 aka ba da shaida cewa ƙwayar ciwon ta asali ta ƙare a Nijeriya.

Tambayoyi

1. Me ya sa sarakunan da suka bar garuruwan hakimi a warwatse?
2. Mene ne aikin jakada a da, mene ne kuma aikinsa yau?
3. Wane Bature ake kira Mai Gunduma, kuma don me?
4. Don me ƙaramin ƙauye ba ya iya korar ƙudan tsando shi kaɗai?
5. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku ko garinku ya taɓa bin wani dagaci ko wani hakimi dabam da na yanzu. Ku rubuto abin da ya faɗa muku.